Tsakanin kwandon ɗan kwangila da katin guntayen takarda

Duk wanda ya yi 'yan shekaru yana aiki a Sakatariyar Tarayya ko a wata ma'aikata da ke tsakiyar birnin Abuja, ba ya bukatar kalanda kafin ya san Disamba ta kama. Hazon hunturu zai lulluɓe Dutsen Aso, leɓɓa su fara tsagewa, ma'aikata su fara lissafin ranar da albashi zai shigo da kuɗin motar zuwa gida. Sai kuma alama ta ƙarshe, wadda ta fi sauran fitowa fili: kwandunan kyauta da ake kira hamfa, naɗe cikin leda mai walƙiya, ana hawa da su bene. Na ce ana hawa da su, domin ban taɓa ganin kwandon da ya ɓace hanya ya sauka ƙasa wajen masu gadi ba. Kwando ya san hawan da ofishin darakta yake, ya san ƙofar babban sakatare, ya kuma san teburin hadimin da ke riƙe da littafin ganawa.

Wata shekara, a ofishin da na yi aiki, na ƙirga irin waɗannan kwanduna a lungun ofishin shugabanmu har na gaji na bari. A ranar nan dai wata abokiyar aikinmu, ƙaramar ma'aikaciya da ke zuwa daga Kubwa kullum, ta zagaya tebur-tebur tana ajiye wa kowa ɗan kati. 'Yarta ce ta haɗa su a gida da guntayen takardar naɗe kyauta da tsohuwar kalanda, ita kuma ta rubuta wa kowa layi biyu da hannunta. A nawa ta yi godiya kan wani fayil na ƙarin girmanta da na bi sawunsa watanni da suka shige, abin da ni kaina na riga na manta. Ta ba direba nasa, ta ba mai shara nata, ta ba masinja nasa. Kwandunan nan an cinye su kafin sabuwar shekara, ba wanda zai iya tuna wanda ya aiko da wanne. Katin kuwa har yau yana cikin aljihun teburina.

Ra'ayina shi ne wannan ɗan kati ya fi dacewa da ma'aikacin gwamnati fiye da kwandon, ta fuskar doka, ta fuskar aljihu, da ta fuskar zaman tare. Na san wani zai ce a ƙasar da ake fama da tsadar shinkafa, wa ke da lokacin maganar almakashi da gam? To a yi mini haƙuri a saurara.

Mu fara da doka, tunda ita muka yi rantsuwar bi. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, a sakin layi na 6, sun hana jami'in gwamnati neman wata kyauta ko karɓarta saboda wani abu da ya yi, ko ya ƙi yi, a bakin aikinsa. Sun ƙara da cewa duk kyautar da ta fito daga kamfani ko mutumin da ke da kwangila da gwamnati, za a ɗauke ta a matsayin saɓa wannan ƙa'ida har sai an tabbatar da akasin haka. Abin da suka yarda da shi kawai shi ne kyautar dangi da abokai na ƙashin kai, gwargwadon yadda al'ada ta amince. Yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah: kwandon da ɗan kwangila ya aiko wa jami'in da fayil ɗin biyansa ke kan teburinsa, a wane rukuni ya faɗa? Kowa ya san amsar. Bahaushe ya ce baki idan ya ci, ido sai ya ji kunya. Wanda ya aiko da kwandon ya san wannan karin magana sarai, don ita ma ya aiko. A watan Janairu zai dawo da murmushi, kuma sa hannun da ya kamata a jinkirta don a duba lissafi sai ya zo da wuri.

Katin da aka haɗa da guntayen takarda bai iya ɗaure wa kowa hannu, domin ba shi da farashin da za a auna a kasuwa. Ba za a kai mutum gaban Kotun Ɗa'ar Ma'aikata a kansa ba, kuma wanda ya karɓa ba ya jin an bi shi bashi. Hadimin minista ko na ɗan majalisa da ke neman hanyar gaida mutane ba tare da jawo wa maigidansa surutu ba, ga hanya a gabansa.

Abin sha'awa, shi kansa katin Kirsimeti ma'aikacin gwamnati ne ya ƙirƙiro shi. A 1843 wani jami'i a Landan mai suna Henry Cole, wanda ya yi aiki a ofishin adana takardun gwamnati, ya kuma taimaka wajen gyaran tsarin gidan waya da ya kawo kan sarki na kwabo ɗaya a 1840, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa kati. Aka buga dubu ɗaya, aka sayar da kowane a kan sule guda. A tsakiyar zanen iyali ne suna biki, amma a gefe da gefe ana ciyar da mayunwata ana kuma tufatar da marasa sutura. Wato tun ranar farko an ɗaura gaisuwar da tunawa da na ƙasa. Haka ma katin farko na asusun UNICEF a 1949, zane ne na wata yarinya 'yar shekara bakwai daga Czechoslovakia, Jitka Samkova, wadda ta yi shi don godiya ga taimakon da aka kai ƙauyensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga zanen yarinya ɗaya aka samu hanyar tara kuɗi da ta daɗe tana tallafa wa yara a duniya.

Mu a nan mun juya abin. Katin hukuma, wanda ake bugawa da tambarin ma'aikata da ruwan zinare, ya zama wani layi a cikin kasafin kuɗi, ya zama kwangila. Ana buga ɗaruruwa, sakatariya ta danna musu hatimin sa hannu, a aika wa mutanen da su ma sakatarorinsu ne za su buɗe su jefa a kwandon shara. Wasu ƙasashe sun gane ɓarnar. A ƙarshen 2015 Shugaba John Magufuli na Tanzaniya ya hana buga katunan Kirsimeti da na sabuwar shekara da kuɗin gwamnati, ya ce duk jami'in da ke so ya buga daga aljihunsa. A watan Satumban 2020 Ma'aikatar Kuɗi ta Indiya ta dakatar da ma'aikatu daga buga kalanda da kundin rubutu da katunan gaisuwa. Mu ma da Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, ƙarƙashin Didi Esther Walson-Jack, ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin komawa aiki ta kwamfuta ba tare da takarda ba, ai bai dace a ce ana rage takardar aiki, ana kuma kashe kuɗin jama'a kan takardar gaisuwa ba. Wanda ke son gaida abokin aikinsa, ya gaishe shi da kuɗinsa ko da hannunsa.

Sai batun aljihu. Mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikacin da ke zuwa daga Mararaba ko Suleja ko Gwagwalada ya san abin da kuɗin mota ke yi wa wannan albashi. Amma duk da haka akan bi ƙananan ma'aikata da takardar karo-karo don a saya wa oga kyautar ƙarshen shekara, kuma wanda ya ƙi sa hannu ya san za a tuna da shi lokacin rabon tafiye-tafiye. Wannan zalunci ne da aka sa wa rigar ladabi. Mai ƙaramin ƙarfi shi ke ciyar da mai babban ƙarfi, ruwa na gudu daga kwari zuwa tudu. Idan kati na hannu ya zama abin da aka saba a ofis, ma'aikacin mataki na huɗu da darakta sun zama daidai a wajen gaisuwa, domin kowa na da hannu biyu, kuma guntun takarda ba ya tambayar matakin albashi.

Takardar kanta ba abar wulaƙantawa ba ce. Masana'antun takarda uku da ƙasar nan ta gina, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, sun daɗe da kasa ɗaukar nauyin bukatarmu, don haka yawancin takardar da muke amfani da ita daga waje ake shigo da ita da kuɗin ƙetare. Duk katin gayyatar biki mai kauri da muka jefar bayan ɗaurin aure, duk kalandar bara, duk takardar da aka naɗe turare, dala aka kashe kafin ta iso hannunmu. Kakanninmu sun fi mu sanin darajar takarda. Malaman Kano da Sakkwato da Borno sun yi rubutu a kan takardar da ake kawowa daga Italiya ta hanyar Sahara, mai alamar jinjirin wata uku a jikinta, kuma ba su yin wasa da ko gefenta. Har yau a gidajenmu idan dattijo ya ga takarda mai rubutu a ƙasa, sunkuyawa yake ya ɗauke.

Kada kuma wani ya ɗauka haɗa ado da guntaye baƙon abu ne da muka aro daga Turawa. A je unguwar dukawa a Kano ko Sakkwato a ga yadda ake yanka guntayen fata ja da kore da baƙa, a jera su a kan jaka ko matashi har su zama zane. A dubi tela yadda yake tara ƙyallaye ya haɗa wa yaro riga ko ya yi abin shimfiɗa. A dubi zayyanar allo da ake yi wa ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani, da zanen bangon gidajen Zariya, da dagin Arewa da ke jikin rigunanmu. Ido da hannun da suka yi waɗannan ba za su gaza haɗa kati ba. A nan Abuja ma, wanda ya leƙa kasuwar kayan sana'o'in hannu zai ga wannan gado yana raye. Ita ma al'adar aika gaisuwa a rubuce tamu ce. Waɗanda suka girma da shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna sun san daɗin jin an ambaci sunan mutum daga nesa, waɗanda suka yi makarantar kwana kuma sun san yadda zuciya ke bugawa idan aka kira suna ranar rabon wasiƙu.

Aikin ba shi da wuya. A samu kwali mai ɗan kauri girman A4, a raba shi biyu, kowane rabi a ninka shi a tsakiya. Ka samu kati biyu ke nan, kowane faɗin santimita 10.5 da tsawon 14.8, daidai da ƙaramin ambulan. A tara guntayen takarda masu ado: ta naɗe kyauta, gefen katin biki, shafin kalanda, cikin ambulan mai zane, har da ƙyallen atamfa daga wurin tela. A zaɓi launi biyu ko uku kawai, domin idan suka yi yawa sai katin ya zama kamar rumfar 'yan koli. A yanka su siri-siri a jera daga dogo zuwa gajere, sai ga siffar bishiya; ko a yanka murabba'ai a jera su kamar saƙar tabarma; ko a fitar da tauraro, ko kyandir. A shafa gam kaɗan, don a lokacin hunturu yana bushewa da sauri kuma yana lanƙwasa kwali idan ya yi yawa, sannan a danne katin da littafi mai nauyi ya kwana. Iyali ɗaya, a yammacin Asabar ɗaya, za su iya haɗa abin da zai ishi sashe guda na ofis. Yaran da suka yi yammacin nan da almakashi a hannu maimakon waya sun koyi auna abu, sun koyi haƙuri, sun kuma koyi cewa ana iya fitar da abu mai kyau daga abin da aka yar.

Gargaɗi ɗaya nake da shi, kuma ya shafe mu musamman. Kada kowa ya ɗebi takardar ofis don wannan aiki. Dukanmu mun taɓa sayen ƙosai ko tsire muka tarar an naɗe shi da takarda mai ɗauke da sunayen mutane da lambobin fayil. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan, kuma ko babu ita, bayanin albashi ko na lafiyar wani amana ne. Haka kwalin ofis da gam ɗin ofis kayan jama'a ne. Ba a gyara ɗabi'ar karɓar kwando da ɗabi'ar ɗibar kayan sito. Guntayen su fito daga gida.

Abu mafi muhimmanci shi ne rubutun da ke ciki. Saƙon WhatsApp da ake turawa mutum ɗari a dannawa ɗaya ya fi arha, ya fi sauri, ban musa ba. Amma kowa ya san yadda ake karɓarsa: hoto ne da ya zagaya waya dubu kafin ya iso, a kalle shi daƙiƙa ɗaya a goge don wuri ya samu. Bai ci wa mai aikowa komai ba, don haka bai gaya wa mai karɓa komai ba. Layi biyu da hannu, da sunan mutum, da ambaton abu guda da ya yi a cikin shekara, sun isa su sa wanda ya yi wata goma sha biyu yana share ofis ba a ko kalle shi ba ya san cewa an san da zamansa. A aikin gwamnati yabo kan hau sama, laifi kuma ya gangaro ƙasa. Katin ƙarshen shekara dama ce ta juya wannan ko da sau ɗaya.

Saura magana mai nauyi, wadda ba zan tsallake ba. Yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, kuma malamai sun yi saɓani kan taya Kirista murnar Kirsimeti. Wasu sun hana, wasu sun halatta a matsayin kyautata maƙwabtaka. Ni ba malami ba ne, ba kuma zan ce wa kowa ya taka abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Wanda ya bi masu hani, ba a tilasta shi, kuma abokin aikinsa Kirista bai kamata ya ɗauki hakan ƙiyayya ba. Sai dai ko shi yana da hanya: katin godiya na ƙarshen shekara, da fatan hutu lafiya da sauka lafiya ga mai tafiya gida, ba ya ɗauke da aƙidar kowa. A nan ma katin hannu ya fi na kanti, domin kai ke zaɓar abin da za a zana da abin da za a rubuta. Kuma kada mu manta akwai dubban Kiristoci da Hausa ce harshen ibadarsu, daga Kudancin Kaduna da Filato da Bauchi da Gombe da Adamawa, har da Hausawan Kano da Katsina da Zariya. Da wuya su sami katin da aka rubuta da Hausa a kantunan Wuse. Wanda aka yi da hannu zai yi magana da harshen da suke addu'a da shi. Idan Sallah ta zo kuma, guntayen da suka rage za su fitar da jinjirin wata, hanya ta zama mai zuwa da dawowa.

Ina ganin wannan ya fi muhimmanci a Abuja fiye da ko'ina. An zaɓi wannan wuri a 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, don ya zama na kowa, aka kuma dawo da fadar gwamnati nan a ranar 12 ga Disamban 1991. Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa suna tsaye suna hangen juna a tsakiyar birni. Amma gine-gine ba sa gaisawa, mutane ke gaisawa. Mun kuma ga abin da ƙiyayya ke iya yi a bakin ƙofarmu: a safiyar Kirsimetin 2011 aka tayar da bam a cocin St. Theresa da ke Madalla, kan hanyar da dubban ma'aikata ke bi kullum zuwa aiki, aka kashe mutane da dama da suka fito daga ibada. Ba na cewa guntun takarda zai tare bam. Abin da nake cewa shi ne masu son raba mu suna cin kasuwa ne a inda mutane ke zaune kusa da juna amma ba su san juna ba. Ofishin gwamnatin tarayya na daga cikin 'yan wuraren da suka rage inda Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi da Gbagyi ke wuni a ɗaki ɗaya. Idan a nan ma gaisuwa ta koma sai ta riba, ina kuma za a same ta?

Don haka ga roƙona. Ga manyan sakatarori da daraktoci: a fitar da sanarwa tun farkon Disamba cewa ba a karɓar kwando daga duk mai hulɗar kwangila da ma'aikata, a kuma hana karo-karon saya wa shugaba kyauta. Shugaban da ya mayar da kwando ɗaya a gaban ma'aikatansa ya koyar da abin da taron bita goma ba zai koyar ba. Ga hadimai: ku ne ƙofa, abin da kuka bari ya shiga shi ke shiga. Ga sauranmu: a wannan makon a zauna da yara, a zazzage jakar tsofaffin katunan biki, a rubuta sunaye. A fara da mai gadi da mai shara da direba da masinja, sannan a hau sama idan kwali ya rage. Mai son taimaka wa masu sana'a kuma, ya sayi na hannu daga matasa da matan da ke yin su, kuɗin ya zauna a unguwa.

Zumunci a ƙafa yake, in ji magabata. A birnin da cunkoson hanyar Nyanya ke cinye ƙafar, hannu na iya karɓar aikin. Allah Ya kai masu tafiya gida lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.